Matoshin kunne na soso, da sauran abubuwan da na gwada don in samu barci

Tsakanin tagar ɗakin kwanana da janaretan maƙwabcinmu taku huɗu ne, da ƙafata na auna. Katanga ce ta raba mu, ita ma ba ta kai tsayin tagar ba. Maƙwabcin nan dattijon kirki ne, Baba muke ce masa, shi ya tsaya mana lokacin da muka kama hayar gidan nan, matarsa Hajiya kuma da firiza biyu take sana'ar ƙanƙara da zoɓo. Da injin nan ake cin tuwo a gidansu, don haka ba ni da bakin da zan je in ce a kashe shi. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Kano. Idan makon aikin kwana ya zagayo kaina, wajen takwas da rabi na safe nake shigowa gida, daidai lokacin da injin markaɗen bakin layi ya kama aiki, 'yan adaidaita sahu na danna hon, mai gwangwan na kiran ciniki. Makon da nake aikin rana kuwa, daren na janareta ne, sai gidan kallon ƙwallon da ke bayanmu ranakun Talata da Laraba, sai kuma maigidan, wanda zan zo kansa daga baya cikin ladabi.

Na daɗe ina haƙuri. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023 ma har na samu sauƙi, Allah Ya yafe min, domin tsadar fetur ta sa Baba yana kashe injin ƙarfe goma sha ɗaya. Abin da ya kai ni bango shi ne Oktoban 2024, lokacin da layukan da ke kawo wa Arewa lantarki suka lalace, aka yi fiye da mako guda ko ƙyaftawa wuta ba ta yi. Duk gidan da ke da hali ya tayar da nasa, na Baba kuma ya koma kwana yana yi don kada kayan firiza su lalace. Kwana na biyar na tsinci kaina a wurin aiki ina karanta takardar maganin mara lafiya sau uku ban gane abin da nake karantawa ba. A aikinmu wannan ba abin wasa ba ne. Tun ranar na shiga neman abin toshe kunne gadan-gadan.

Auduga na fara sawa, kamar kowa. Aikin banza ne. Iska na ratsa ta, sauti ma haka, kafin tsakar dare kuma ta faɗo kan filo. Na gwada shafa mata basilin, ta ɗan fi, amma na tashi da maiƙo har wuya. Na danne kai da filo, zafi ya kore ni cikin minti goma. Wata abokiyar aikina ce, wadda ƙanenta ke aiki a wata masana'anta a Sharaɗa, ta miƙo min 'yar leda mai ɗauke da wasu soso biyu masu ruwan goro, kowanne bai kai ɗan yatsa ba. A jikin ledar an rubuta 3M 1100. Ta ce irinsu ake ba su a wurin injina.

Daren farko na ce ƙarya ne. Na tura su bakin kunne yadda ake tura murfi a bakin kwalba, rabinsu a waje, janareta na ta abinsa kamar ban sa komai ba, ɗaya ma da safe a ƙarƙashin gado na same shi. Na koma na gaya mata kayan ƙanenta ba sa aiki. Ta kira shi a waya, ya yi dariya ya ce, “Anti, murza shi kika yi kafin ki sa?” Ashe duk sirrin abin a nan yake, kuma a nan yawancin masu cewa matoshin kunne ba ya aiki suke faɗuwa.

Da hannu mai tsabta, busasshe, za ki kama sosan tsakanin babban yatsa da manuni ki riƙa murza shi a hankali, kina ƙara matsewa, har ya koma siriri sumul kamar guntun tsinke mai kauri, ba tare da ya lanƙwashe ko ya yi tsaga ba. Idan kunnen dama za ki sa, sai ki zagayo da hannun hagu ta saman kai ki kama saman kunnen ki ja shi sama da baya. Ramin kunne ba miƙaƙƙe ba ne, yana da lanƙwasa, jan nan shi ke miƙar da shi. Nan take ki zura sosan tun bai fara kumbura ba, ki dafe ƙarshensa da yatsa ki ƙirga talatin. A cikin ƙirgan nan za ki ji yana buɗewa a hankali, duniya na ja da baya, kamar ana rage muryar rediyo. Ranar da na fara yi daidai sai da na ce subhanallah a fili, na ji muryata ta yi kauri a cikin kaina kamar ina magana a cikin randa. Wannan ma alama ce ya zauna. Wata alamar, ki duba madubi ta gaba: in kina hango shi ya leƙo waje sosai, bai shiga ba, ki cire ki sake. Lokacin zafi da damina sosan na saurin kumbura saboda ɗumi da laima, sai kin yi hanzari. Da hunturu kuwa yana ba ki lokaci.

Na ɗauki kusan mako kafin hannuna ya saba. Yanzu a cikin duhu nake yi.

A jikin kwalin akwai lamba, NRR 29. Ma'aunin Amurka ne na yawan desibel, wato awon ƙarfin ƙara, da abin ya rage a ɗakin gwaji. Na Turai kuma SNR suke rubutawa, lambarsa takan fi girma a kan abu iri ɗaya, don haka kada a ɗauko mai SNR a gwama shi da mai NRR a ce ya fi. A matosan soso, iyakar abin da za ki gani a NRR bai wuce 33 ba. Duk mai tallan da ya ce nasa na rage 50 ko yana kawo shiru ɗungurungum, ki riƙe kuɗinki. Ko da an cike ramin kunne da siminti, sauti na bi ta ƙashin kai ya isa ciki.

Lambar ma ta ɗakin gwaji ce, inda aka sa wa mutum abin yadda ya kamata. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, tana da lissafin da take yi don kusanto da lambar ga abin da ke faruwa a wurin aiki: a cire 7, a raba saura biyu. Mai 29 ya koma 11, mai 33 ya koma 13. Ga shi nan, bambancin da mutane ke biyan ƙarin kuɗi a kansa ya koma 2. Kada 11 ɗin ta yi miki kaɗan a ido, domin desibel ba kamar mudu ake ƙirga shi ba: duk ragin 10, kunne na jin ƙarar ta ragu da kusan rabi. Wanda kuma ya iya sawa da kyau yana samun fiye da haka nesa. Shi ya sa na daina kallon lamba, na koma kallon wanda ya dace da ramin kunnena. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 1999, ta ce ƙarar da ke cikin ɗakin kwana da dare kada ta wuce desibel 30. Na sauke manhajar auna ƙara a wayata, ko da yake awon waya ƙiyasi ne kawai, na ajiye ta a kan filo janareta na aiki, ta nuna wajen 60, wato kamar mutum na tsaye a kanki yana hira har gari ya waye.

To me yake tarewa? Ƙara mai tsini yake fi kashewa: ihun 'yan kallon ƙwallo, kukan akuya, hon, carar zakara, ƙarar kwanuka, hayaniyar yara. Waɗannan suna komawa can nesa kamar a wata unguwa ake yi. Ƙara mai kauri kuwa, gurnanin janareta, dukan gangar DJ ranar biki, tirela a kan titi, yana rage su ne kawai, domin irinsu ta bango da ƙasa da ƙafar gado suke biyowa. Har yau ina jin injin Baba. Bambancin shi ne da a cikin kaina yake, yanzu a bayan katanga yake, inda Allah Ya ajiye shi. Akwai kuma abin da ba a gaya wa mutum: da kin toshe kunne za ki fara jin numfashinki da bugun zuciyarki da haɗiyar yawu. Kwana biyun farko ya dame ni, daga baya na daina lura. Wanda ke fama da ƙugin kunne, wato ƙarar da ke tashi daga ciki, zai iya jin ta ƙaru idan waje ya yi shiru. Shi fanka ta fi masa.

Tambayar da kowa ke min, tun daga surukata har abokan aiki, ita ce sallar Asuba. Gaskiya sau ɗaya na makara a makon farko, kuma ina ganin bashin barcin da ke kaina ne ya fi sosan laifi. Masallacin layinmu kusa yake, kiran salla na ratsowa, a tausashe dai. Amma ban dogara da shi ba. Ƙararrawar waya siririyar ƙara gare ta, irin wadda sosan ya fi iya kashewa, don haka nake haɗa ta da jijjiga in tura wayar ƙarƙashin filo, ba a jikin caji ba saboda zafi. Jijjiga ba ruwanta da kunne. Maigidan ma kan taɓa ni idan zai fita masallaci. Da azumi nakan sa ƙararrawa biyu saboda sahur.

Akwai daren da ba na sawa gaba ɗaya: idan maigidan ya yi tafiya ni kaɗai ce babba a gidan, ko autata ba ta da lafiya. Mai jego da jariri a gefenta ban ba ta shawarar toshe kunne biyu ba. Dabarar da nake yi a irin wannan hali ita ce in kwanta a gefe, kunne ɗaya a kan filo, in toshe na sama kawai. Ba ya kai biyun, amma da na ɗaga kai ina jin komai.

Kafin in tsaya a kan wannan na zagaya. Na sayi wasu manyan soso masu lamba 33, ina ganin babbar lamba ita ce babban aiki. Sun fi ƙarfin ramin kunnena. Ƙarfe uku na dare zafin kunne ke tashe ni, wato na gudu daga ƙara na faɗa ciwo. Ramin kunnen mutane ba ɗaya ba ne, na mata da yawa ya fi ƙanƙanta, har ma na dama da na hagu kan bambanta a mutum ɗaya. In soso na sa miki ciwo, nemi siriri, kada ki ce duk haka suke.

Na gwada na silikon, wanda yake kamar cingam, ana mulmula shi a manna a bakin kunne ba tare da an tura ciki ba. Fitacce a wannan nau'in shi ne Mack's, mai lamba 22. Nawa dai wani ne marar suna da na saya ta intanet. Wajen daɗin kwanciya a gefe babu kamarsa, ba abin da ke tokare ki. Amma fatar kunne sai ta bushe ƙarau kafin ya kama, ni kuwa a watan Afrilu a Kano ban san inda zan samo busasshiyar fata ba. Gumi na sa shi ya saki, ya koma ya manne a gashi. Wata safiya da almakashi na raba shi da jelar kitsona. Wanda zai yi amfani da shi ya kiyaye abu ɗaya: kada a gutsura shi ƙanana, kada a mulmula shi dogo a tura ciki, domin guntu na iya maƙalewa sai an je asibiti.

Na kaki da auduga shi ne kakan su duka. Wani mai haɗa magunguna a Jamus, Maximilian Negwer, ya kafa kamfaninsa a Berlin a 1907 ya fito da Ohropax, sunan da ke nufin zaman lafiyar kunne, har sojojin Jamus suka yi amfani da shi a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Na soso kuwa sai a 1972 Ross Gardner ya ƙirƙiro shi a Amurka. Gwaggona da ke Maraɗi ta taho min da wani ɗan akwati na irin kakin nan daga kantin magani na can, inda ya fi samuwa fiye da nan. Ɗumin hannu ke tausasa shi ya bi siffar kunne. Da hunturu na ji daɗinsa ƙwarai, har na fi son shi a kan soso wajen taushi. Da zafi ya shigo sai ya yi laushi fiye da kima, ya bar maiƙo a rigar filo. Na ajiye ragowar sai sanyi ya dawo.

Na roba mai hawa uku kamar 'yar bishiya, wanda ake wankewa a sake sawa, yana da kara a bayansa. Ga mai aiki a tsaye lafiya lau, ga mai kwanciya a gefe kuwa karan nan filo zai danna shi ciki. Dare ɗaya na yi da shi. Babban marufin kunne irin na ma'aikatan filin jirgi ma na ara, sai dai mutum ya kwana rigingine kamar gawa bai motsa ba, ga gumi.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne iyafis mai kashe ƙara na ƙanena. Shi akasin soso ne: yana sauraron ƙarar waje ya fitar da kishiyarta su kashe juna, kuma ya fi ƙwarewa a kan ƙara mai kauri da ba ta canzawa, wato daidai gurnanin janareta. Da na sa shi sai injin Baba ya kusa ɓacewa, amma kukan akuya na nan daram. Matsalarsa uku: yana tokare kunne a kan filo, cajinsa ba ya kai wa asuba, kuɗinsa kuma zai saya min soson shekaru. Na mayar wa mai shi bayan na kwashe rabin sa'a ina neman ɗaya a cikin zanin gado.

Abokin aikin sosan na gaskiya fanka ce. Abin da ke tashin mai barci ba yawan ƙara ba ne kawai, canjinta ne. Injin da ke tafiya sumul kan zama kamar ruwan sama a kan kwano, ƙwaƙwalwa ta watsar da shi. Lokacin da mai ya kusa ƙarewa ya fara tari, ko aka ja igiya aka tayar da shi ƙarfe biyun dare, a nan ake zabura. Fanka na shimfiɗa wata ƙara mai laushi da ba ta canzawa, sai sauran ƙararrakin su nutse a cikinta. Na sayi mai caji saboda halin wutarmu. Da hunturu nakan juya fuskarta bango, in samu sautin ba tare da sanyin ba. Manhajojin sautin ruwan sama ma suna yi, in dai ba a ƙure murya ba, don ba hikima ba ce a yi maganin ƙara da ƙarar da ta fi ta. Wasu da karatun Alƙur'ani a hankali suke samun barci. Ni in na ji karatu bin sa nake yi aya bayan aya, idona biyu, don haka kafin in kwanta nake saurare.

Labule mai kauri ya taimaka min wajen haske a barcin rana, wajen ƙara kuwa kaɗan ne. Abin da ya fi shi amfani kuma kyauta: na matsar da gado daga bangon da ke kallon injin zuwa ɗaya bangon, na cusa tsohon zani a ƙarƙashin ƙofa da gefen tagar da ba ta rufuwa ruf. Duk kafar da iska ke bi, ƙara ma na bi.

Sai maganar da muka yi shekara biyu muna jin nauyinta. Wata rana bayan Isha'i maigidan ya tsaya da Baba a ƙofar masallaci, bayan gaisuwa ya ce, “Baba, wai da ma in babu takura, ko za a ɗan matsar da injin nan gaba kaɗan, saboda mai ɗakina tana aikin kwana.” Baba ya riƙe baki ya ce, “Haba ɗana, shi ne kuka zauna da abu a ciki? Ai da kun faɗa tun tuni.” Washegari yaransa suka ɗauke shi zuwa can kusa da ƙofar gidansu, suka ɗora shi a kan tsohuwar taya. Tayar na shanye girgizar da ke bin ƙasa, nisa kuma na da nasa lissafin: a fili, duk ninkin tazara na rage kusan desibel 6. Taku huɗu ya koma sha biyu. Wannan magana ta minti biyu ta yi min aikin da ya kai na duk abin da na saya. Abu ɗaya na roƙa a gaya wa Baba, kada don kunyarmu a shigar da injin cikin zaure ko wani ɗaki a rufe. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kashe mutane cikin barci. A asibiti mun ga abin da take yi wa iyali guda a dare ɗaya.

Yanzu maigidan. Yana minshari, ya kuma rantse ba ya yi. Na ɗauke shi a waya na kunna masa da safe, ya saurara da kyau ya ce, “Wannan ai janaretan Baba ne.” Sosan na rage minsharin ya koma abin da za a iya kwana da shi, ba ya kashe shi, domin daga taku ɗaya yake fitowa kuma ta katifa ma yana zuwa. Juya shi ya kwanta a gefe na taimakawa. Amma a matsayina na ma'aikaciyar lafiya ina roƙon duk matar da za ta toshe kunne saboda minsharin miji, ta fara ba da dare ɗaya ta saurara. In yana yi sai ya yi tsit kamar numfashi ya tsaya, can ya ja da ƙarfi kamar an shaƙe shi, da rana kuma yana gyangyaɗi ko a zaune, wannan ciwo ne na ɗaukewar numfashi cikin barci, yana da alaƙa da hawan jini, likita yake buƙata. Kada ki toshe kunne ki bar shi da shi. Nawa na saurara, nasa na gado ne kawai, haka mahaifinsa yake.

Abin da sosan ya jawo min, kuma laifina ne, shi ne taruwar dauɗar kunne. Kunne na fitar da dauɗarsa waje da kansa a hankali. In kullum kina tura abu ciki, kina mayar da ita baya. Bayan wata biyar na ji kunnen hagu ya yi dum ko ban sa komai ba. Wata abokiyar aiki ta duba da fitilar kunne ta ga ya cika, na yi kwanaki ina ɗiga man zaitun ya yi laushi, aka wanke. Tun daga nan nake ba kunnen hutu duk daren da unguwa ta yi shiru. Ban da sakace da tsinken ashana, gashin kaza ko murfin biro, duk ƙara tura ta ciki suke yi. Ba na sawa a jiƙaƙƙen kunne bayan wanka ko alwala sai ya bushe, musamman da damina, domin laima da ɗumi a rufaffen rami gonar fumfuna ce. Mai kunnen da ke zubar da ruwa ko mugunya, ko wanda dodon kunnensa ya taɓa fashewa, ko aka yi masa aiki a kunne, kada ya sa sai likitan kunne ya duba. Wajen cirewa a murɗa a hankali, ba fizga ba.

Sosan na yarwa ne. Ni nakan yi dare uku zuwa huɗu da guda biyu, da na ga ya yi datti ko na murza ya ƙi komawa siffarsa, sai kwandon shara. Ba na wanke shi, ruwa yake sha ya lalace. Ina ajiye su a 'yar kwalba mai murfi a saman kwaba, don launinsu na kama da alawa, yaro zai iya jefawa baki ya shaƙe.

Wajen saye, kantin magani uku na shiga, biyu suka miƙo min maganin ɗigawa, ɗaya ya kawo auduga mai tsinke. Inda ake samunsu shi ne shagunan kayan kariyar ma'aikata, masu sayar da hular kwano da takalman aiki da safar hannu, irin waɗanda ke Sabon Gari. Ki ce matoshin kunne na masu aikin inji. Ana sayarwa ɗai-ɗai, kowane biyu a ledarsu a rufe, akwai kuma kwali mai ɗauke da 200. Ki fara sayen kaɗan ki gwada kafin ki ɗauki kwali. Akwai mai igiya, 3M 1110, an yi shi ne don ma'aikaci ya rataya a wuya, mai barci marar igiya ya dace da shi. Jabu kuma sun yi yawa. Na taɓa sayen wasu a buɗe cikin roba a hannun wani mai tebur, launi ɗaya, siffa ɗaya, rabin kuɗi. Gwajin mai sauƙi ne: ki matse shi ki saki. Na ƙwarai a hankali yake dawowa, yana ba ki lokacin sawa. Na jabu kafin ki kai shi kunne ya koma yadda yake, kamar soson katifa. In mai shago ya hana ki buɗe ɗaya ki gwada, sayi guda ki gwada a gabansa.

In za a tambaye ni maki, soso na ba shi takwas cikin goma, kaki bakwai da hunturu, uku da bazara, silikon biyar, auduga kuwa a bar ta wa masu ciwo. Kwalin da na saya bara har yanzu ban ci rabinsa ba, duk da abokan aikin kwana da ke zuwa roƙo.

Shekaranjiya da yamma jikar Baba ta shigo da zoɓo mai sanyi a jug, ta durƙusa ta ce, “Anti, wai in ji Hajiya, don Allah ko kina da ragowar abin nan mai ruwan goro na kunne.” Ashe inda aka mayar da injin, taku huɗu ne tsakaninsa da tagar Hajiya. Na ɗebo guda shida, na yafa mayafi na bi yarinyar, don na san in na aika mata kawai, tura shi za ta yi kamar murfin kwalba.